Amsar da Ban Ba Ki Ba Ranar Ɗaure Kaya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya lau, kin sauka Lyon cikin aminci, ɗakin da kika kama kuma yana da ɗumi, ba irin wanda muka fara zama a ciki a Goutte d'Or ba, da muke toshe tagarsa da tsumma. Ƙanenki Laminu yana gaishe ki. Hajiya Mariyama, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, ita ma tana gaisuwa, tana ta mita wai kin tafi ba ki karɓi yajin da ta daka miki ba. Zan aiko miki da shi, in ba haka ba ba za ta bar ni in sha ruwa ba.

Kin ga sunanki a sama? Ni na rubuta shi da hannuna. Shekararki ashirin da bakwai a duniya ban taɓa kiransa a gabanki ba. "Ke" nake ce miki, ko "yarinyar nan". Ko a lakwal, makarantarku ta boko, in malama ta tambaye ni sunan ɗiyata, takarda nake miƙa mata ta karanta da kanta, tana kallona kamar wadda ta sato 'yar wani. Yau na rubuta, sama ba ta faɗo ba. Kuma rubutu na zaɓa saboda ke kika taɓa ce mini, in magana mai muhimmanci ce a rubuta miki, don maganar baki tana zuwa da fuska da murya da hannu duk a lokaci guda, kafin ki gama tantance su rabin maganar ya wuce.

Ga abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami. Ranar Laraba muna kizin, ɗakin girki, muna ɗaure kayanki, kina naɗe kofuna da tsohuwar jarida, sai kika ajiye kika ce, "Inna, ina da tambaya. Kina sona? I ko a'a. Ina so in sani ne don in tsara sau nawa zan riƙa zuwa gida." Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Wace uwa aka taɓa yi wa wannan tambaya tsirara haka? Na yi dariya na ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, miƙo mini murfin tukunyar can." Kika miƙo, kika ci gaba da naɗe kofunanki, ni kuma na ɗauka magana ta wuce. Sai ranar Asabar, bayan mun raka ki jirgin ƙasa, muna cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ni da Laminu, ya ce mini, "Yaya ta ce sau ɗaya a shekara za ta riƙa zuwa. Babbar Salla. Saboda ni." Na ce don me? Ya ce, "Ta ce ta yi tambaya ba a amsa ba. Ta ce ta lura in amsar mai daɗi ce mutane ba sa canza magana." Ban san lokacin da muka iso tasharmu ta Château Rouge ba, sai da ya ja mini hannun riga.

To ga amsarki, ba kewaye-kewaye. I. Ina sonki. Ina sonki tun ranar da ungozoma ta ɗora mini ke a Damagaram, na kau da kai don kada a ga fuskata. Amma na san ki, ba kya karɓar magana sai da hujja, kuma kina da gaskiya, kalma ɗaya ba ta goge shekara ashirin da bakwai. Don haka ki zauna ki karanta, zan zayyana miki inda na yi kuskure. Ba wurin guda ba ne.

Na farko dai kunyar 'yar fari. Kin san al'adar da baki, amma ba ki ga yadda take aiki a gida ba, don kina shekara tara muka taho. Ni ma 'yar fari ce. Uwata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa rungumata a gaban mutane ba. Amma ko rana ɗaya ban yi shakkar tana sona ba. In ta kwashe tuwo, ƙanzon da na fi so sai in same shi a rufe a ƙwarya a bayan randa, ba wanda ya ce nawa ne. In na yi zazzaɓi ba za ta zo kusa ba, amma ina jin tafiyarta tana kai da kawowa a bakin ƙofa. An raine mu a kan cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma shiru ma magana ce. Abin da ban yi tunani ba sai da na tsufa shi ne, a gidanmu uwa tana shiru ne saboda akwai bakuna goma masu faɗa a madadinta. Kaka tana yi miki kirari, gwaggo tana goya ki, ƙannen uwa suna ce miki, "Kin ga uwar nan taki? Jiya ba ta ci abinci ba don kin yi tari." Ke ma kin samu haka wajen kakarki, ita da take kiranki ƙawarta tana ɓoye miki ƙuli-ƙuli a bakin zane. Sai muka hau jirgi muka bi babanku Paris, na ɗauko shirun na zo da shi, bakunan goma kuwa na baro su can.

Na yi ta aiko miki da saƙo irin namu ina zaton yana isa. Cinyar kaza kullum a kwanonki take. Duk rigar da na saya miki sai na cire 'yar takardar wuyan na yi mata shafi mai laushi, don na ga suna ci miki fata. Sanyinmu na farko a nan, lokacin ko kuɗin ero ba a fara kashewa ba, kika ce ke kaɗai za ki riƙa zuwa lakwal, kin haddace hanya. Na ce to. Kullum kina fita sai in ɗauki Laminu in bi ki ta ɗaya gefen titin, ina laɓewa bayan motoci, da zanen atamfa da silifa da safar babanku, ƙafafuna sun daskare, har in ga shigarki ƙofa. Wata uku ina haka. Ban taɓa gaya miki ba, don a wajenmu abin da aka yi aka faɗa ya rage daraja. Bara da na tambaye ki ko kin san dalilin cinyar kazar, ce mini kika yi, "Na ɗauka ke ba kya sonta ne."

Shawarata a nan, 'yata: kada ki ƙara lissafa shiru a matsayin a'a. Hujjar taki tana da kyau amma ba ta cika ba. Akwai masu canza magana don amsar ba ta da daɗi, akwai kuma irina, da amsar ta yi mana nauyi a baki. In kin tambayi mutum ya kauce, ki sake tambaya wata rana, ki ce masa, "Ni sai an faɗa mini nake ganewa." Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya damu da ke zai daure ya faɗa, ko da zufa na keto masa.

Na biyu ya fi wannan ciwo, don a gaban idona aka yi shi kullum. Laminu yana shekara huɗu malamarsa ta kira mu, aka tura mu asibiti wajen lokotoro, aka ce yana da abin da suke kira otism. Ba ya kallon mutane a ido, ba ya wasa da yara, sai jera murafen kwalba daga ƙofa har taga, wanda ya taɓa ɗaya kuwa ranar ba zaman lafiya. Yana shekara shida ya haddace tashoshin metiro kaf. Muka duƙufa a kansa ni da babanku, yau wannan biro na hukuma gobe wancan, ga rubutu da muke sa a aiko daga gida. Ke kuma kina ina? Kina ƙarƙashin teburin kekena a shagon ɗinki, kin juye gwangwanin maɓallai kina ware su, masu ido biyu daban, masu ido huɗu daban, kowane launi da layinsa. Kin san sunan kowace atamfa da ke shagunan unguwar nan da kamfanin da ya buga ta. In na sa zare a gurbin da ba nasa ba sai ki yi ta rawar jiki har sai an mayar. Me na ce? Na ce, "Masha Allah, wannan za ta iya riƙon gida."

Ki duba fa. Shi bai kalli mutane a ido ba, aka ce ciwo ne. Ke ba ki kalla ba, matan unguwa suka ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya!" Shi bai yi magana da baƙi ba, muka tafi asibiti. Ke ba ki yi ba, aka ce natsuwa. Abu ɗaya ne sak, a ɗaki ɗaya, amma nasa aka ba shi suna da magani da uzuri, naki aka kira shi tarbiyya, ni kuma na karɓi yabon na sa a aljihu.

Sai maganar kayen nan naki, littafin rubutunki mai koren bango. Kina shekara goma sha biyu na gan shi. Kin rubuta gaisuwarmu duka, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ɗan kwana biyu, ina haƙuri da sanyi, kowace da amsarta a gefe. Kin rubuta wadda ake wa mai jego da wadda ake wa wanda ya dawo daga tafiya. Har da inda kika sa, "a nan a yi murmushi", "a nan a sunkuyar da kai". Na yi dariya har da hawaye, na kai wa Hajiya Mariyama ta gani. Daga nan na mai da ke abin ado. Duk suna, duk biki, daga nan har Aubervilliers, sai na tafi da ke na tura ki gaba, ki durƙusa ki zuba gaisuwa tiryan-tiryan, tsofaffi suna tafa hannu suna cewa, "Tabɗi! A Faransa ta girma amma tana gaisuwa kamar tsohuwar Birnin Damagaram!" 'Ya'yan wasu ko "sannu" ba su iya ba sai "bonjur". Kaina ya yi ta kumbura. In mun dawo sai ki shige ɗaki ki ja labule, washegari yini guda ba ki iya ko magana. Na ce lalaci ne. Wani lokaci na ce baki ne ya kama ki, na yi miki hayaƙi, hayaƙin da warinsa ke sa ki amai. Laminu kuwa ba wanda ya taɓa tilasta masa zuwa taro, ana cewa a bar shi, ai namiji ne, kuma ga lalurarsa.

Don Allah a Lyon kada ki ci gaba da wannan aikin gayya. Gaisuwa ibada ce, ban ce ki bari ba, amma biyu sun isa. Akwai 'yan Nijar da yawa a can, ɗalibai da ma'aikata, za su gayyace ki cin shinkafa ranar Lahadi. In kina da ƙarfi ki je ki yi awa ɗaya ki tashi. In ba ki da shi ki ce, "Na gode, yau ba zan iya ba," kada ki ƙago ciwon kai, ke da ƙarya ba ta yi miki kyau a baki. A wajen aikinku na gwajin ruwa ma ki gaya wa shugabarku tun wuri abin da ke gajiyar da ke. Sun ɗauke ki ne don idonki ba ya tsallake kuskure, ba don ki yi musu hira a wajen shan kafe ba.

Yanzu na zo wanda nake ta kewayawa. Rasuwar babanku. Shekara uku ke nan amma in na rufe ido ina ganin falon nan cike da mata, har kan matakala, ana ta shigowa da kuloli. Laminu ya zauna a lungu yana karanta tashoshin metiro na layi na bakwai a hankali, daga farko zuwa ƙarshe, ya sake. Kowa ya ce, "Allah sarki, ta haka yake kukansa." Ke kuwa ba ki zubar da hawaye ko ɗaya ba. Kin tsaya a bakin ƙofa kina jera takalman mutane ƙafa-ƙafa, kin ɗauko takarda kina rubuta sunan duk wanda ya zo. Ke kika bi takardun kai gawarsa gida Damagaram, biro bayan biro, abin da ya gagari maza uku na ƙungiyarmu. Ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne ranar uku, da wani dattijo abokinsa ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam ya tafi cikin sauƙi, bai sha wahala ba," sai muryarki ta fito daga bakin ƙofa: "A'a, Baba. Ya sha wahala kwana goma sha ɗaya. Ina wurin." Ni kuma, a gaban matan nan duka, na ce, "Ku rabu da ita. Mace ce a jiki, amma ba ta da zuciya."

Na faɗa. Ba zan ce baƙin ciki ne ya faɗa ba, bakina ne. Kika kalle ni, kika koma kan takalmanki.

Ina cikin takaba, ina ɗinki a gida, wata rana na zauna a keke sai na ji bayana bai yi mini ciwon da ya saba ba. Na leƙa, sai ga katako huɗu an yanka daidai wa daida an sa a ƙarƙashin ƙafafun teburin. Laminu ya ce ke ce, wai kin yi kwana uku kina kallon yadda nake sunkuyawa, kin auna. A makon nan kuma ya same ni ina kuka, ya tsaya ya kalle ni, ya fita, ya dawo da mai ya ɗiga wa keken ya goge shi tas, ya ce, "Yanzu ba ya ƙara." Ko a lokacin ban haɗa biyun ba. Sai da Salla ta matso na ce zo in auna ki. Na zagaya metir a ƙugunki, na duba, na sake zagayawa don na ɗauka na yi kuskure. Awon da na sani tun kina budurwa ya zube, rigar bara za ta ɗauke ki da rabin wata macen. Na ce, "Ke, me ya same ki?" Kika ce, "Tun ranar abinci ba ya wucewa, Inna." Na ce don me ba ki faɗa ba? Kika ce, "Ban san ana faɗa ba. Kuma kin ce ba ni da zuciya, sai na ɗauka wani ciwo ne daban." Ni da ke cika baki da karanta fuska, wata huɗu kina narkewa a gabana, sai metir ne ya gaya mini. Ranar ya kamata in nemi gafararki. Maimakon haka na dama miki kunu.

Bayan shekara guda ke da kanki kika nemi a duba ki, kika ce in raka ki don za a tambayi labarin yarintarki. Kin tuna lokotoron, 'yar siririyar matar nan mai tabarau a ka? Da ta ce irin na Laminu ne, na ce mata, "Madam, ba zai yiwu ba. Wannan mace ce, kuma ba wanda ya kai ta iya gaisuwa." Ta ce wa ya koya mata? Na buga ƙirji na ce ni. Sai kika fiddo kayen nan daga jakarki kika ajiye a tebur. Ashe har lokacin kina ƙara masa shafi. Matar ta yi ta buɗawa, ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya.

Abin da ta bayyana mini na riƙe shi, ga shi yadda na fahimta. Ta ce tausayi hawa biyu ne. Akwai gane abin da ke cikin mutum daga fuskarsa da muryarsa ba tare da ya faɗa ba, akwai kuma jin zafi in an san yana cikin zafi. Na farkon ne yake muku wuya, na biyun kuwa kuna da shi, wani lokaci har ya fi ƙarfinku. Ta ce a cikin sauran jama'a, in aka duba a dunƙule, mata sun fi karkata ga karanta mutane, maza kuma ga bin tsarin abubuwa, ko da yake kowane gida akwai wanda ya saɓa. Amma a cikin manya masu otism wannan tazarar tana tsukewa, macen da namijin sun fi kama da juna a yadda suke tunani. Sai dai ita macen ana sa ran ta iya mutane tun tana ƙarama, sai ta koyi rufewa, shi ya sa ba a gano ta sai ta gaji. Ni dai ban san da wane mudu suke auna zuciya ba, kuma na gaya mata haka. Amma da ta yi maganar sai na ga katakon nan huɗu da kwalbar man keke. Kai ɗaya Allah ya ba ku ke da ƙanenki. Shi na karɓe shi yadda yake, ke kuma na tsaya jiran wata 'yar da ban haifa ba.

Akwai inda kuka bambanta, ban musa ba. Laminu in mutum ya ɓata rai da shi, oho, yana can sito a Aubervilliers yana jera kwalayensa, ya dawo ya ci tuwo ya yi barci. Ke kuwa kalma ɗaya sai ki yi mako kina juya ta, kina neman inda kika yi laifi. Ko haka aka halicce ku, ko mu muka ɗora miki wannan kayan don ke mace ce, Allah ne masani. Ni na fi zargin kanmu.

Kuma in za a bi salsala, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Babanku da yake zuwa zance gidanmu, samarin wasu suna kawo turare da daɗin baki, shi kuwa zama yake a kan dakali ya ɗauki tsinke yana zana mini a ƙasa yadda famfo ke jawo ruwa daga rijiya. Ƙawayena suna leƙe suna mutuwa da dariya. Ranar da na haife ki bai ce mini sannu ba, gyara ƙofar ɗakin ya yi don kada ƙararta ta tashe ki. Shekara ashirin da biyar ina zaune da shi ina cewa haka maza suke, ban taɓa ce masa ba shi da zuciya ba. Ina kewarsa, Rakiya. Ina kewar yadda yake dawowa daga gyaran injinan ɗumama gidaje ya zauna ke da shi a tebur, ba mai cewa uffan, shi yana kwance tsohuwar rediyo ke kina jera masa ƙusoshin. Ina wucewa in ce, "Wannan gida kamar na kurame!" Ashe hira kuke yi.

To kada ki ɗauka don na amsa laifina ke kin fita fes. Abin da kika gaya wa dattijon nan gaskiya ne, amma ba tambayarki ya yi ba, ni yake lallashi. Ki sa wannan a kayenki: a gidan makoki da gaban marar lafiya, in an faɗi abin da bai yi daidai ba don a sanyaya zuciya, ki ce "Allah ya jiƙansa" ko "Allah ya ba da lafiya", ki bar gyaran. Ba ƙarya kika yi ba, addu'a kika yi. Kuma in kin yi wa mutum alheri irin naki, ki faɗa masa, "Na gyara miki wannan ne don na ga kina wahala." Mu ma masu karanta fuska makafi ne ta wannan gefen.

Maganar maza kuma, tunda ba ni kusa. Kina ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, kuma akwai 'yan iskan da ke gane haka tun daga nesa. Duk wanda ya ce yana sonki, ki ba shi lokaci, ki duba ko abin da ya faɗa ranar Litinin shi ya aikata ranar Juma'a. Wannan kin fi kowa iyawa. Kada ki auri wanda zai ce zai gyara ki. Ki nemi wanda in kin ja labule zai rage muryar rediyo ya bar ki. In kin rasa gane nufin wani, ki kira ni ki karanta mini abin da ya ce kalma-kalma, ni in fassara miki. Wannan aikin dai na iya shi, a bar ni in yi amfani ko sau ɗaya.

Ki ci abinci a kan lokaci, ki sa salula, wayarki ta hannu, ta riƙa tuna miki, don na san in aiki ya ɗauke ki sai ki manta kina da ciki. Ki riƙe salla. Ki riƙa kiran Laminu ranar Lahadi da ƙarfe biyar, ya riga ya rubuta a bango, in kin wuce da minti ɗaya ni zan sha tambaya.

Saura abu ɗaya. A garinmu uwa ba ta neman gafarar 'yarta, sai dai ta dama mata kunu, ita kuma 'yar ta gane. Na dama miki kunu ya fi a ƙirga. Yanzu ina roƙonki da baki: ki yafe mini maganar da na faɗa ranar uku, da shekarun da na bar ki kina zaton ke baƙuwa ce a gidan ubanki. Ni ma ga tambayata, kuma irin taki ce. In kin yafe, ki rubuto mini "na yafe". In ba ki kai nan ba, ki rubuto "tukuna", ba zan yi fushi ba, ba zan aiko Hajiya Mariyama ta yi miki wa'azi ba, zan jira. Abu ɗaya ne ba zan iya ɗauka ba, shi ne shiru. Kwana huɗu kacal na ɗanɗana shi tun tafiyarki, ban san yadda kika yi da shekara goma sha takwas ba.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya kare ki daga sharrin mai fuska biyu, ya haɗa ki da mutanen da ke faɗin abin da ke ransu. Allah ya sa albarka a aikinki, ya jiƙan babanku, ya dawo mini da ke lafiya, ko sau nawa kika tsara.

Ni ce uwarki mai sonki,
Inna